Awon Magana da Zare

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da shugaban makarantarmu ya tsaya gaban bangon ɗakin malamai, ya dubi zarurrukan da na rataye, ya ce da su za a raba waɗanda za su zauna da waɗanda za su tafi gida. Tunda kun matsa in ba ku labarin aiki, ku malaman yanzu da kuke kumbura fuska don an jinkirta muku shayi, to ku gyara zama. Ba labarin dariya ba ne, kuma kada wanda ya katse ni.

A farkon shekarun saba'in ne, lokacin babban farin nan. Ina ƙaramin malami, ina koyar da Turanci da Hausa a wata kwalejin horon malamai ta kwana a ƙasar Isa. Ɗalibanmu ba yara ba ne. Samari ne, wasu har da mata a gida, daga Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Abincinsu daga siton makaranta yake fitowa. Ɗan kwangila ya kawo hatsi, mai sito ya auna wa kuku, kuku ya dafa, kowa ya miƙa kwanonsa.

Kowace shekara, bayan dogon hutu, akan yi gasar wasan kwaikwayo ta makarantu a Sakkwato, kuma ni aka ɗora wa wannan aikin. Al'adarmu ita ce mu ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin Turawa da ke cikin manhaja, irin waɗanda ke ƙarewa da mutuwa da rushewar gidan sarauta, mu mayar da shi Hausa, mu sa masa rawani da babbar riga. Matsalar ita ce waɗannan wasanni dogaye ne, su kuwa alƙalan gasa suna da lokacin da suka yanka. Ka wuce shi a kaɗa maka ƙararrawa a gaban jama'a, a rage maki. Dole a datse wasa. Kafin ka datse kuwa, sai ka san wa ya cinye maganar.

Ga yadda nake yi. In an buga wasan da tafireta, layuka kan fito tsawonsu ɗaya. Sai in samo farin zaren saƙa, in ware wa kowane ɗan wasa nasa. In shimfiɗa zaren bisa layin da ya faɗa, in danne da farce, in matsa gaba, haka har ƙarshen wasa, sannan in yanke. In kafa ƙusoshi a jere a bango, in rubuta sunan kowa da alli, in rataye zarensa. Aikin yammaci ne na kwanaki, yana kuma sa ciwon wuya, amma in ka gama, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai duba ya ce wane ya fi wane magana. Ina alfahari da dabarar nan ƙwarai. Har malaman lissafi nake kira su zo su gani.

Na auna wasanni da dama ta wannan hanya, kuma kullum abu ɗaya nake gani. Zaren sarki ya sauko har ƙasa ya naɗe. Na waziri ya kai gwiwa. Na matar sarki da ƙyar ya kai ƙugu. Bayi da talakawa, waɗanda bala'in ya fi hawa kansu, nasu 'yan guntaye ne can sama kusa da ƙusa. Wani ma ba a ba shi bakin faɗar komai, sai dai ɗan aike ya shigo ya ce wane ya mutu, a wuce. Nakan nuna wa ɗalibai wannan a matsayin darasin adabi, su rubuta, mu tashi.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya sake ƙin zuwa. Gero ya tsiro ya tsaya a gwiwa ya bushe. Gulbi ya zama yashi. In ka bi hanyar Sabon Birni sai ka toshe hanci saboda mushen shanu, ga mutane daga arewa suna kwararowa da jakuna da tsofaffi, ba su san inda za su ba. Mata na tonon gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin hatsin da ke ciki. Dogon hutunmu kuwa ya faɗo daidai lokacin da rumbuna suka ƙare, sabon hatsi bai zo ba.

Ƙa'ida ita ce 'yan wasa ba sa tafiya hutu. Sukan zauna makaranta suna gwaji, ana ciyar da su daga abin da ya rage a sito. A shekarun ƙoshi sai na yi ta roƙo kafin su yarda, kowa na son ya je noma ko ya ga amaryarsa. A wannan shekarar, ɗaliban da ban taɓa jin muryarsu a aji ba suka riƙa tare ni a hanya suna cewa in sa su a wasa ko da a matsayin itace ne. Na san ba son wasa ba ne.

Ana saura kwanaki a tashi, ɗan kwangila ya aiko cewa ba ya da abin kawowa. Mai sito ya duba ya ce abin da ke ƙasa ba zai riƙe dukan 'yan wasa har a dawo ba, sai dai wajen rabinsu. Kafin a ce haka, manzannin masu gari sun fara sintiri a ofishin shugaba, kowa na son a riƙe ɗansa. Shugabanmu, Malam Haliru, mutum ne mai tsauri da tsoron a ce ya yi son kai, amma ba mugu ba ne. Ina so ku riƙe wannan.

Bayan sallar azahar ya shigo ɗakin malamai, ya daɗe tsaye gaban bango. Sannan ya ce, "Malam Sanusi, wanga zaren naka yana ƙarya?"

Na ce, "Ba ya ƙarya, ranka shi daɗe."

Ya ce, "To shi za shi yi muna hukunci. Mai doguwar magana shi ke bukatar hutu don ya haddace. Mai 'yar kaɗan ya koya in an dawo. Ba wanda za shi ce na zaɓi ɗan wane."

Ya ɗauki alli ya ja layi a gicciye a bangon, daidai inda yawan kwanukan da sito zai iya cikawa ya tsaya. Duk zaren da ya sauko ya wuce layin, mai shi ya zauna. Wanda bai kai ba, ya ɗaure kayansa. Wallahi a lokacin na ga maganarsa a kan hanya take.

Sai idona ya faɗa kan zaren dogari. Bai kai taƙi ɗaya ba.

Mai yin dogarin shi ne Jaɓɓi, ɗan ajin ƙarshe, Bafillace daga wata ruga kusa da Turba. Dogo ne, siriri, marar hayaniya. A wasan, dogari yana tsaye bakin ƙofar sarki da mashi tun daga farko har ƙarshe. Komai a gabansa ake yi, amma maganarsa 'yar kaɗan ce. Na ba Jaɓɓi wurin ne don ya iya tsayuwa, irin tsayuwar wanda ya girma yana bin shanu. Ba ya motsi, ba ya susa, amma ka san yana nan. Na kuma san halin da gidansu ke ciki. A kasuwar Isa an gaya mini Fulanin Turba sun yi asarar kusan duk abin da suka mallaka. Kuku kuma ya faɗa mini a ɓoye cewa Jaɓɓi kan rage tuwonsa ya shanya bisa kwanon rufi, in ya bushe ya aika gida. Tura shi hutu tura shi cikin yunwa ne, ba wata magana.

Na bi shugaba ofis na ce, "Ranka shi daɗe, tsayuwar dogari ma aiki ce. Ta fi wata maganar wuya."

Ya ce, "Auna mini tsayuwa da zare in gani. Kai ka kawo awon, Malam Sanusi, ba ni ba. In na karya shi don mutum ɗaya, gobe masu gari za su cika wurin ga."

Mai yin sarki shi ne Nomau, Bagobiri daga Unguwar Lalle, mai zane a kumatu da murya kamar ta mai shela. Shi da Jaɓɓi aminai ne, kullum suna tsokanar juna. Nomau ya ce kakannin Jaɓɓi ne suka ƙone musu Alkalawa, tsohon birnin Gobir, lokacin jihadi, Jaɓɓi ya ce da sun tsaya da ba a ƙone ba. Da Nomau ya ji hukuncin, ya iske ni ya ce, "Malam, maganata ta yi yawa, har tana shaƙe ni. Ɗebi wadda nika yi bayan an kawo labarin yaƙi ka ba wanga Bahillacen. Ai dogari ma ya ga abin da anka yi."

Na ji daɗi har cikin raina. Na zauna na gyara jawabin ya dace da bakin dogari, na sake awo, zaren Jaɓɓi ya sauko ya haye layin alli. Na kira shugaba da murnata. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ba ya da ja, awo awo ne. Sannan ya ce, "Amma kwanuka ba su ƙaru ba." Ya goge layin da hannun rigarsa, ya sake ja ƙasa kaɗan. Zaren da ya faɗo waje shi ne na ɗan aike, wanda wani ɗalibi mai suna Labbo ke yi. Labbo daga ƙauyen Alkalawa na yanzu yake, ubansa ya rasu, uwarsa tsohuwa ce. Ni da nake ganin na yi dabara, ashe na cire wani ne na sa wani.

Malam Haliru ya ce shi ba zai yanke wannan a bayan idonsu ba. Ya sa aka kira su biyun ofis, ina tsaye. Ya fara da Labbo, ya ce, "Mi ke akwai gidanku?" Labbo ya ce, "Babu komi, ranka shi daɗe. Ganyen tafasa inna taka dahwawa, ba gishiri." Yana faɗa hawaye na zuba, bai ko share ba.

Ya juya ga Jaɓɓi ya yi masa tambaya iri ɗaya. Jaɓɓi ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai, alhamdu lillahi. Akwai nono."

Ku da kuka tashi a birni, bari in fayyace muku. Bafillacen daji ba ya cewa yana jin yunwa. Ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya ci a gaban wanda yake jin kunya, kuma ya gwammace komai ya same shi da a ce ya buɗe baki ya roƙa. A kan haka uwarsa ta yaye shi. Ka tambaye shi ko akwai abinci gida, a gaban shugaba, a gaban wani yana kuka, amsa ɗaya ce za ta fito. Ni na san haka. Malam Haliru ya san haka, cikin Fulani ya girma. Har Labbo ya sani.

Na ce, "Jaɓɓi, don Allah hwaɗi gaskiya."

Ya ce, "Na hwaɗi, Malam. A mayar ma sarki da maganarshi. Labbo shi zauna."

Shugaba ya dubi teburinsa ya ce, "Shi ke nan. Allah shi yi muku albarka."

Na bi Jaɓɓi waje na ce ya zo ya yi hutun a gidana. Ya ce, "Malam, na ga gidanka. Baƙi sun cika shi har zaure." Gaskiya ya faɗa, 'yan'uwana daga ƙauye sun tare a wurina, muna cin abinci sau ɗaya a yini. Duk da haka na nace, ya ƙi. Na ɗaure masa ɗan gero a ƙyalle, shi ma ya ƙi karɓa, sai da na ce saƙo ne zuwa ga innarsa, ba nasa ba ne. Haushinsa ya kama ni a lokacin, ba za ni ɓoye muku ba. Na ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza shi.

Ranar tafiya da safe, ana hawa motar da za ta kai su Isa, Nomau ya daure ya ce, "Bahillace, in ka ƙi dawowa za ni zo in ƙone rugarku, ramuwar Alkalawa." Jaɓɓi ya yi murmushi ya ce, "In ka iske abin ƙonawa." Iyakar abin da ya taɓa bari ya fita bakinsa ke nan game da gidansu.

Muka yi gwajin hutu ba daɗi. Kunun safe ya zama ruwa, tuwon rana ya ƙanƙance. Nomau ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar jawabinsa, dole na ƙara datse maganar sarki, ba don ƙararrawar alƙalai ba, don numfashinsa ba ya kaiwa. A wurin dogari muka kafa sanda.

Da aka dawo hutu, ɗalibai suka riƙa shigowa ɗaiɗai, wuya duk ya zurma. Jaɓɓi bai zo ba. Muka ce ko sun yi ƙaura ne, zai biyo baya. Lokacin gasa ya yi, na sa wani ɗalibi a wurinsa. Yaron kirki ne, amma ya kasa tsayuwa. Ya sauya ƙafa, ya sosa wuya, ya leƙa jama'a. Sarki yana kukan rushewar gidansa, mutane suna kallon dogari suna dariya. Ba mu ci komai a gasar ba, kuma ba wanda ya damu.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauki kekena, Nomau ya ari wani, muka nufi Turba. Muka tambaya aka nuna mana inda rugar take. Ba mu iske kowa ba. Turaku ne a kafe, da tokar murhu, da shacin inda bukkoki suka zauna. Wani dattijo ya taso daga gonar da ke gefe. Sunansa Malam Ango, manomin da su Jaɓɓi kan sauka gonarsa da rani shanunsu su zuba masa taki, shekara da shekaru. Da ya ji daga makaranta muke, ya ce mu zauna.

Ya ce Jaɓɓi ya iso ya tarar ubansa ya yi kudu da 'yan shanun da suka rage, ya bar uwar da ƙannensa. Shi ya riƙa shiga daji yana samo ganye, yana taya Malam Ango aikin gona don a ba su ɗan abin da ya samu. In uwarsa ta dafa ta zuba masa, sai ya tura wa ƙannensa ya ce ya ci gidan Malam Ango. In Malam Ango ya miƙo masa, sai ya ce ya ci gida, ya ɗaure ya kai wa yaran. Dattijon ya ce, "Ni ina cewa tana ba shi, ita tana cewa ina ba shi. Ba mu gane ba sai ranar da ya hwaɗi bakin gona." Zazzaɓi ne ya kama shi, irin wanda mai ƙoshi kan kwanta kwana kaɗan ya tashi. Jikinsa ba ya da abin da zai yi faɗa da shi. Ya rasu kafin lokacin da akan gasa tumun sabon gero. Uwar ta kwashi yaran ta bi mijinta.

Nomau ya tashi ya koma bayan wata bishiya, muna jin kukansa. Malam Ango ya kai ni kabarin, muka yi addu'a. Muna dawowa ya ce, "Malam, uwarshi ta bar mini tambaya, ta ce in wani ya zo daga makaranta in yi mai. Wane laihi ya yi kunka koro shi? Shekarun baya ba ya zuwa hutun ga."

Na ce bai yi laifin komai ba. Na zauna na bayyana masa komai, sito da kwanuka, wasan, zaren, layin alli, har abin da aka yi a ofis. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To da zaren nan nashi ya hi haka tsawo, da yana raye?"

Na ce, "Allah ne masani, Baba."

Ya ce, "Wannan ni ma na sani. Kai nika tambaya."

Na ce, "A ganina da yana raye." Ya gyaɗa kai, ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Aikinmu cike yake da awo. Za a ce ku auna maki, ku auna halarta, ku auna wa ya fi wa. Duk abin da kuka auna kuka rataye a bango, wata rana wani zai shigo da matsalarsa ya ja layi a kai, kuma ba lalle mugu ba ne, mai neman mafita ne kawai. Zarena bai yi ƙarya ba. Magana ya auna, ita kaɗai ya iya aunawa, mai yunwar da ba ya faɗa kuwa ba ya fitowa a irin wannan awon. Na ci gaba da koyar da waɗannan tsofaffin wasanni har na ajiye aiki, amma ban ƙara iya nuna wa ɗalibai gajerun zarurrukan nan da sakin fuska ba. Tun daga ranar kuma, duk shugaban da ya ce in auna masa wani abu, sai na tambaye shi abin da zai yi da awon kafin in ɗauki komai.

Kada ku fita nan kuna zagin Malam Haliru. Na yi shekaru ina juya abin a raina ina neman inda za a ja layin nan kowa ya tsira, ban samu ba. Labbo ya gama karatu, ya yi hedimasta a ƙasar Sabon Birni, yana da jikoki yanzu. Duk sallah yakan zo gaishe ni. Mukan yi hirar damina da ciwon ƙafa da tsadar taki. Ni da shi ba mu taɓa ambatar sunan Jaɓɓi ba, amma bai taɓa yarda ya ci abinci a gidana ba.